Makarar da Na Zayyana wa Garinmu

Masana sun sha bamban a kan abin da ya fitar da ɗan Adam daga sahun dabbobi. Wasu sun ce magana ce, wasu suka ce wuta, wasu kuma suka ce rubutu, kuma ba abin mamaki ba ne tunda marubuta ne suka faɗa. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi a jami'a da waɗanda na yi a gaban injin walda, na tsaya a kan cewa mariƙi ne. Ranar da mutum na farko ya dubi abu mai nauyi ya ce bari ya yi masa wurin kamawa, ranar aka fara wayewa. Dauloli sun tashi sun faɗi, amma buta tana nan da hannunta, fartanya tana nan da ƙotarta. Duk wanda ya taɓa sauke tukunya mai zafi da bakin zane ya san ba wasa nake yi ba.

Abin da na karanta a jami'a yana da wani dogon suna na Turanci, wanda in aka matse shi a Hausa zai ba da zayyana mai haɗa fannoni. Manufarsa a koya wa mutum ya tsara abin da jama'a za su yi amfani da shi, ko kujera ce, ko kwalin magani, ko fuskar manhajar waya, ko hanyar da baƙo zai bi a asibiti bai ɓata ba. Saboda haka aka tsinto mana kaɗan-kaɗan daga ko'ina. Da safe muna ajin injiniyoyi muna lissafin nauyin da ƙarfe zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe. Da rana muna ɗakin masu zane muna zana tafin hannu har sai ya daina kama da citta. Wata rana kuma a tura mu kasuwa, mu zauna mu yi ta kallon yadda mutane suke zama, suke tashi, suke ɗora kaya a ka. Injiniyoyi suna ce mana masu zane, masu zane suna ce mana kafintoci. Kafintocin jami'ar ba sa ce mana komai, sai dai su ɓoye zartonsu in sun hango mu.

Na ji daɗin karatun ƙwarai. Wanda ya sha wahalarsa mahaifina ne.

Baba manomi ne, na masara da rake, a wani ƙaramin gari na ƙasar Kiru, tsakanin Dangora da Ɗansoshiya. Shi ya yarda in tafi wannan karatu, alhali wansa, Baffa, ya so a kai ni makarantar aikin lafiya, inda a cewarsa ko allura kaɗai mutum ya iya an san abin da ya iya. Bayan La'asar dattawan unguwarmu sukan zauna a dakalin masallaci, kuma kowane uba a nan yana da kalma ɗaya tak da yake amsa tambaya a kan ɗansa. Wannan ya ce malami, wancan ya ce soja, wani ya ce direba. Baba ne kaɗai ba shi da ita.

"Injiniya ne?" sai wani ya tambaya.

"Akwai shi a ciki," in ji Baba.

"To, mai zanen gidaje?"

"Shi ma ya ce akwai."

"Kafinta fa?"

"Akwai kaɗan."

Sai Baffa ya gyara hularsa ya ce, "Ku bar wahalar da shi. Digirin dafa-duka yaron yake yi. An zuba komai a tukunya ɗaya, sai an sauke za mu ga ko zai ciwu."

Sunan ya bi ni. Har yau akwai tsofaffin da in na gaishe su sai su ce, "A'a, Dafa-duka, yaushe a gari?" Ni ban damu ba, ina birni. Amma Inna ta gaya mini a wani hutu cewa Baba ya fara tashi daga dakalin da wuri, ya ce zai duba awaki, alhali awakin sun daɗe da sanin hanyar gida. Baba ba mai dukiya ba ne, maganarsa ce jarinsa, kuma ya sa ta a kaina a gaban sa'o'insa. Tun daga ranar na san abin da nake nema da wannan digiri: abu ɗaya da zai nuna da yatsa ya ce ga shi.

Da muka gama bautar ƙasa, 'yan ajinmu suka watsu, kuma a nan na ga faɗin karatun. Ɗaya yana Legas yana tsara inda yatsan mutum zai taɓa a wayarsa in zai biya kuɗin wuta. Wata tana zana furannin atamfa, na sha ganin aikinta a jikin matan da ba su san da ita ba. Wani ya buɗe shagon kujeru a Kaduna, wani kuma yana tsara alamomin hanya a asibitoci. Ni na dawo gida, ina karɓar ƙananan ayyuka ta waya. Na zana wa wani mai injin casar shinkafa na Tudun Wada tambarin da ake bugawa a buhunansa. Baba ya ɗauki buhu ɗaya, fanko, ya kai dakali. Baffa ya juya shi gaba da baya, ya ce, "To, buhun shi ya ɗinka?" Baba ya naɗe buhun ya dawo da shi.

A ƙarshen daminar wannan shekara wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, na bi jana'izarsa. Na sha bin jana'iza tun ina yaro, amma ban taɓa bi da idon da jami'a ta sa mini ba. Makarar garinmu ta lokacin ƙarfe ce zalla, mai kama da tsohon gado, da gajerun ƙahonni huɗu a kusurwoyi. Tun farko ma ta ƙi shiga gidan. Ƙofofin soro a wajenmu ba sa kallon juna, don kada na waje ya hango tsakar gida, saboda haka doguwar makara ba ta iya shan kwanar. Sai da aka fito da mamacin a tabarma har bakin titi.

Sauran matsalar tana hanya. A al'adarmu, kowane namiji da ya biyo jana'iza yana son ya sa kafaɗarsa ko da na 'yan taku ne, don ya sami lada. Ba a tsayawa. Wannan ya zame, wancan ya shiga, ana tafiya da sauri ana salati. Garinmu kuwa gari ne na mutane iri biyu a tsawo. Akwai manoma irinmu, waɗanda Allah ya ba faɗi ya rage tsayi, akwai kuma 'yan uwanmu makiyaya na rugagen da suke kewaye da mu, waɗanda in sun tsaya kusa da dawa sai dawar ta ji kunya. Maƙabartarmu tana ƙetaren rafi, sai an gangara an hau. A daidai gangaren wani dogo ya canji gajere a ƙahon baya, a daidai lokacin kuma hannun babbar rigar wani ya maƙale a ƙahon gaba. Makarar ta karkata. Hannaye suka tare ta, ba abin da ya faɗi, amma kowa ya ga yadda abin da yake cikin tabarma ya zame gaba. Aka gyara ta, aka ci gaba da tafiya. 'Ya'yan mamacin suna nan a baya suna gani.

Ba wai ba a taɓa neman gyara ba. Wani ɗan garin mazaunin Abuja ya taɓa aiko da makara mai tayoyi, sabuwa fil, da fenti kore. An yi masa godiya da addu'a, aka ajiye ta bayan masallaci, inda kaji suke ƙwai a ƙarƙashinta. Babu mai tura mahaifinsa kamar kurar ruwa. Ban da haka, taya tana ɗauke nauyi, kuma nauyin nan shi ne abin da mutane suka bar gonakinsu suka zo nema. A nan na gane aikin da yake gabana. Ba a son makarar da za ta rage masu ɗauka. Ana son wadda kowa zai ɗauka, dogo da gajere, a yi ta canji, ita kuma ta zauna daidai.

Na sami Baba da yamma yana gyaran ƙotar lauje, na durƙusa na gaya masa. Ya ɗago ya dube ni.

"Makara," ya ce.

"Makara, Baba."

"Duk abubuwan da Allah ya yi a duniya. Abokanka suna yin kujeru."

"Kujera kowa yana da wadda yake so, Baba. Wannan kuwa duk garin ita ɗaya za su hau."

Ya harare ni, ya ce in kiyayi bakina. Amma washegari shi da kansa ya kai maganar gaban Liman, a dakali, kowa yana ji. Baffa ya ce shi ba zai yarda a gwada karatun boko a kan gawar Musulmi ba, kuma a wannan karon ba shi kaɗai ba ne, kawuna da yawa sun gyaɗa. Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, a bar shi ya yi. In ta ba da kunya, ni na bayar." Liman, wanda mutum ne mai ƙarancin magana da yawan kallo, ya ce an bar ni.

Abu na farko da ake koya mana shi ne awo. Na sayi tef ɗin awo irin na tela, na fita neman kafaɗu. Mutum na farko ya tsaya mini da fara'a, har yana tambaya ko riga zan ɗinka masa. Da na gaya masa dalili, ya ture hannuna ya ce in je in auna ubana. Kafin azahar labari ya zaga gari, har in na doso da tef a wuya sai majalisa ta tuna tana da uzuri. Sai na koma dabarar da aka koya mana a kasuwa. Na auna layukan bulon da suke jikin ƙofar masallaci, na riƙa zama daga gefe ranar Juma'a ina lura da layin da kafaɗar kowa take gogawa in zai shiga. Haka na auna garin kaf, har da mutanen ruga, babu wanda ya ji a jikinsa. Ƙofofin soro kuwa ba su yi gardama ba.

Na kai zanen wurin wani mai walda a Kwanar Dangora, bayan layin masu rake. Ya duba takardar, ya dube ni, ya ce, "Na yi ƙofofi, na yi gadaje, makara ma na yi ba ɗaya ba. Amma ban taɓa ganin wadda ta zo da takardunta ba." Mun yi aikin tare, shi da wuta ni da tef, manyan motocin Zariya suna wucewa suna girgiza rumfar.

Ga abin da muka fitar. Jikin makarar gajere ne, daidai tsawon mutum, na bututun ƙarfe marar nauyi, da shimfiɗar gwangwala, don ya shiga soro ya sha kwana ya fito. Sai an fito waje ake zura dogayen sanduna a gefe da gefe. Kowane gefe sanduna biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tazarar kamar taƙi guda a tsakani. Dogo ya sa kafaɗa a ta sama, gajere a ta ƙasa, makarar ba ta san an yi canji ba. Sandunan sun zarce gaba da baya, yadda mai shiga zai kama kafin mai fita ya saki. Bakunansu a dunƙule suke, sumul, babu inda riga za ta kama. A kai da ƙafa kuma akwai ɗan shinge, saboda gangare.

A takarda ba ta da aibu. Amma malamanmu sun sha gaya mana cewa takarda ba ta taɓa ɗaukar kaya ba, kuma ba zan yarda ranar farko ta zama ranar da wani yake kuka ba. Na nemi wanda zai kwanta a ciki a gwada. Ban samu ba, kuma ban yi mamaki ba, don ni ma da aka ce in kwanta sai na tuna ni ne mai lura da aikin. Muka tsaya a kan masara. Aka ɗura ta a buhuna, aka jera su a kwance a tsawon makarar da damin rake a tsakiya, nauyin babban mutum, aka rufa tabarma don kada su zame. Liman ya ba da izini, ya kuma sanar bayan sallar Asuba cewa da hantsi za a gwada sabuwar makara, kada kowa ya tsorata.

Duk wanda ya yi Asuba a masallacinmu ya ji. Abin da ba mu lissafa ba shi ne yawan bayin Allah da suke yin Asuba a wani wuri.

Muka fito da hantsi, samarin unguwa suna ɗauke da ita, ni ina gefe ina kallon sanduna, Baba da Liman suna biye a baya. Mun bar gidaje ke nan muka shiga hanyar gonaki, sai wani mai yankan dawa daga ƙauyen gaba ya hango mu. Ya ajiye laujensa, ya karkaɗe hannu, ya taho da sauri yana salati, ya sa kafaɗa. Kafin in buɗe baki, wasu biyu sun fito daga cikin rake. Wasu makiyaya da suke kora shanu zuwa rafi suka bar su da mutum ɗaya, suka cire malfa suka shigo. Mai babur da ya ɗauko fasinja ya tsaya, shi da fasinjan suka bi sahu. A wajenmu ba a tambayar wa ya rasu kafin a bi makara. A bi tukuna, tambaya tana nan tana jira.

Na yi ƙoƙari, Allah ya gani. Na kutsa ina cewa, "Jama'a, ku dakata, ba rasuwa ba ce." Salati ya danne muryata. Wani dattijo da ban sani ba ya kama kafaɗata, ya ga idona a waje, ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Haka ake ji da farko, mutum ya ƙi yarda. Mahaifinka ne?" Na waiwaya na nemi mahaifin nawa. Yana nan da ransa, fuskarsa kamar an ɗaure ta da igiya. Liman ya dube ni, ya ɗan girgiza kai, ya yi mini alama da hannu cewa in bar su.

Sai na bar su, na koma aikina. Abin da na gani kuwa babu jami'ar da za ta iya shirya shi. Da mutanen sun san gwaji ne, da sun ɗauka a hankali, suna kallon ƙafafunsu, suna yi mini kara. Waɗannan ba su san da ni ba. Suna ɗauka da saurin da aka saba, suna turereniya irin ta neman lada. Na ga wani ardo, dogo kamar giginya, ya shiga bayan wani guntun mai facin taya, kowa kafaɗarsa ta sami sandarta ba tare da an nuna masa ba. Na ga manyan riguna suna shafar bakin sanda suna wucewa. Tabarma ba ta motsa ba.

Muna dab da rafi wani babur ya tsaya a gefen hanya, wani gajeren dattijo ya sauko da sauri yana gyara hula. Baffa ne. Ya kwana a Bebeji wurin ɗaurin aure, bai ji sanarwa ba, bai kuma taɓa ganin sabuwar makarar ba, don ya rantse ba zai je kallonta ba. Cikin cunkoson bai lura da mu ba. Ya kutsa da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya sami sandar ƙasa ta gaba, ya riƙe. Shi ya gangara da ita. Shi ya shiga ruwa har gwiwa, ardo yana bayansa, ya hau tudu yana salati da murya mai rawa. Makarar ta ƙetare a miƙe kamar an ɗora ta a kan tebur.

Akwai wata ɗorawa kafin a shiga maƙabarta. A nan Liman ya sha gaba, ya ɗaga hannu, ya ce a sauke. Aka sauke. Mutane suka fara gyara sahu, wasu suna neman ruwan alwala. Liman ya ce, "Ku dakata. Babu salla a nan." Ya sunkuya ya yaye tabarmar.

Mutum fiye da cikin masallacin Juma'armu suna tsaye suna kallon buhunan masara da damin rake. Sai wani mai ƙaton wuya, wanda ya bar shanun huɗarsa a gona, ya ce, "Wane ne yake wasa da mutuwa? Wane ɗan iska ne?" Murya ta fara tashi ta ko'ina.

Baba ya ratsa mutane ya tsaya kusa da makarar. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a taro ba sai ranar.

"Ɗana ne ya ƙera ta. Ni na sa shi. An sanar a masallaci, waɗanda ba su ji ba su yafe mana. Mai faɗa ya yi da ni."

Sai Liman ya ce, "Ba wasa aka yi ba. An ƙi a gwada a kan ɗan uwanku ne, shi ya sa aka gwada a kan hatsi. Yanzu ina tambaya. A cikin waɗanda suka ɗauka, wa ya ji ta karkata?"

Masu ɗaukar suka girgiza kai.

"Wa rigarsa ta maƙale?"

Mutane suka fara duba hannayen rigunansu.

"Wa ya gangara da ita rafi?"

Aka nuna Baffa. Yana tsaye, wandonsa a jiƙe, idonsa yana kan masarar, wadda ina jin ya gane buhunan, don daga rumbun gidanmu suka fito.

"Alhaji, yaya ka ji ta?" in ji Liman.

Baffa mutum ne mai baki, amma ba ya ƙarya a gaban maƙabarta. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai tun da na sa kafaɗa nake cewa a raina, wannan bawan Allah ya yi aikin kirki a duniya. Dubi yadda makararsa take tafiya, ko nauyi babu. Har na yi masa sha'awa."

Ardo ne ya fara. Ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa, ya ce, "Wallahi masarar nan ta yi jama'a. Allah ya ba mu rabin haka." Daga nan abin ya ɓalle. Mai shanun huɗa ya yi ta ƙoƙarin riƙe fushinsa har ya gaji ya sake shi. Liman ya tsawatar, ya tuna mana inda muke, ya ce Allah ya ga niyyar kowa kuma ba ya tauye wa kowa tafiyarsa. Tunda an zo, aka tsaya aka yi wa mutanen maƙabarta addu'a, aka shafa. Sannan aka kewaye makarar. Wannan ya zare sanda ya mayar, wancan ya gwada kafaɗarsa sama da ƙasa. Mai facin taya ya tambayi wa ya ce a yi sanda biyu. Baba ya nuna ni da yatsa, a gaban kowa.

A dawowa babu wanda ya sa kafaɗa. Mu da muka kawo masara mu muka mayar da ita.

Ba a daɗe ba makarar ta yi aikinta na gaskiya, a jana'izar wata tsohuwa mai ƙosai da duk muka ci na hannunta muna yara. An shiga da ita har ƙofar ɗaki, aka fito, aka zura sanduna. Ta ƙetare rafi lafiya. A ranar ban kalli sanduna ba, na sa kafaɗata kamar kowa, a ta ƙasa.

Waɗanda suka raka masara su suka kai labari garuruwansu, kuma babu tallan da ya kai mutum yana ba da labarin yadda aka yi masa dariya. Aka fara aikowa daga Kiru, daga Bebeji, daga Tudun Wada. Mutanen Doguwa suka ce su duwatsu gare su, na je na bi hanyarsu da ƙafa, na ƙara tsawon shingen kai da ƙafa. Na kama rumfa kusa da mai waldan nan, yanzu tare muke aiki. Daga makara muka shiga gadon ɗaukar majinyaci daga ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, muka yi bencin makaranta da ba ya kama yatsun yara, muka yi mazaunin dakon rake a babur. Sashenmu na jami'a ya gayyace ni in yi wa ɗalibai magana, na tsaya a ɗakin da na taɓa zana tafin hannu mai kama da citta, na nuna musu hoton sanduna biyu, suka tafa. Abokina na Legas ya ce a cikinmu duka ni kaɗai na tsara abin da babu wanda zai ce ba ya bukata.

Baba yanzu sai an kira Magariba yake tashi daga dakali. Har yau ba shi da kalma ɗaya, amma ya daina nemanta. In baƙo ya tambayi abin da ɗansa yake yi, sai ya juya ya nuna rumfar da ake ajiye makarar, ya ce, "Ka ga waccan? Ka taɓa ɗauka?" Baffa kuwa ya mayar da labarin nasa. A yadda yake ba da shi yanzu, shi aka zaɓa musamman ya gwada ta a rafi, saboda an san ba ya sassauci, kuma tun yaron yana ƙarami shi ya ce wannan kan ba na allura ba ne.

Makon jiya zazzaɓi ya kwantar da Baffa. Na sayi lemo na je duba shi, aka aiko cewa in tsaya a soro, za a isar masa. Tun da na yi makarar nan, a soro ake karɓar gaisuwata a duk gidan da yake da majinyaci.